Masu Kasa Wa Ƙasa Kunne

Duk wanda ya taɓa shiga karo-karon haƙa rijiyar burtsatse a ƙasar Sabuwa ya san fargabar da ke cikin abin. Ƙasar noma ce ta gani ta faɗa, masara da dawa da waken suya suna yi, amma shimfiɗar da muke kaftu a kanta ba ta da kauri. Kana nutsawa kaɗan sai jar ƙasa, sai marmara, sai ruɓaɓɓen dutse mai marmashewa a hannu, daga nan kuma sai dutse tsantsa, wanda ba ya shan ruwa balle ya bayar. Ruwan da ake nema yana maƙale ne a cikin ruɓaɓɓen nan da kuma tsagogin da ke jikin mai taurin. Wanda bakin injinsa ya dace da tsaga ya sha ruwa. Wanda ya kuskure ta da taku 20 kuwa, ya biya kuɗin mai da na ma'aikata, ya tashi da busasshen rami.

A unguwarmu mun taɓa tafka irin wannan asara. Mai injin ya zo, ya nuna gindin wata bishiya da leɓe ya ce a nan za a yi, ga inuwa, ga shi mota za ta shiga ba wahala. Kwana biyu farar ƙura na tashi, ko danshi ba a gani ba. Da aka sake haɗa kuɗi sai aka fara ɗauko mai safiyo, wani siririn saurayi mara yawan magana. Kayan aikinsa duka sun hau bayan babur: akwati ɗan madaidaici, batir, naɗin waya huɗu, turakun ƙarfe huɗu, guduma da igiyar awo.

Ya miƙe igiyar a fili, ya kafa turke biyu dab da juna a tsakiya, ya sa yara suka kai sauran biyun gabas da yamma, kowanne nisa ɗaya daga tsakiyar. Inda ƙasa ta bushe ƙayau sai ya tsiyaya ruwa a gindin turken don ƙarfe ya kama ƙasa da kyau. Ya danna maɓalli. Turakun waje suna tura wutar batir cikin ƙasa, na tsakiya kuma suna auna irin turjiyar da ƙasar ta yi mata. Ya rubuta lamba, ya ɗaga hannu, yaran suka tuge turakun suka ƙara ja da baya. Duk yadda aka ƙara buɗa turakun waje, haka wutar ke ƙara nitso kafin ta dawo. Ƙasa mai danshi tana ba wuta hanya, busasshen dutse yana yi mata gardama. Idan lambobin suka ɗauki hawa ba sassauci, ya san ya taka dutse mara tsaga. Idan suna cikin hawa suka yi turus ko suka ɗan sunkuya, to akwai abin da ya jiƙe a wannan zurfin. Wuri biyar ya yi wannan aiki, tun hantsi har aka kira la'asar.

Wani dattijo da ya gaji da kallo ya ce masa, "Ɗana, wai me kake ji a ciki ne?"

Ya ce, "Baba, tambayarta nake yi, ina rubuta amsa."

Inda ya dasa dutse ya ce a haƙa, fili ne fetal, ba inuwa ko ta kara. Da injin ya dawo, kafin azahar ƙurar ta koma taɓo.

Tun daga ranar tsagar nan ta tsaya mini a rai. Me ya tsaga dutsen, yaushe, kuma ya gama tsagewa ko da saura? Masana duwatsu sun ce dutsen da ke ƙarƙashin Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara tsoho ne ƙwarai, kuma babbar murɗar ƙarshe da ya sha ta faru ne kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, lokacin da wasu tsofaffin sassan ƙasa suka yi karo suka manne. Karon ya bar duwatsu masu falle-falle a jere kamar kunyoyin gona, sun miƙe daga kudu zuwa arewa: na Birnin Gwari, na Kushaka, na Malumfashi, na Maru da Anka. Ya kuma bar manyan tsagogi masu tsawon ɗaruruwan kilomita. Ɗaya daga cikinsu, tsagar Kalangai, ta ratsa ƙasar Birnin Gwari da ke maƙwabtaka da mu ta gangara Zungeru, masana da dama kuma suna haɗa ta da ta Ifewara a jihar Osun. Ta irin waɗannan kafofi ne ruwan zafi ya taso daga can ƙasa ya bar jijiyoyin farin dutsen da masu haƙar zinariya ke bi. Su ma makaranta tsaga ne, ko da ba su taɓa shiga aji ba.

Mun taso ana gaya mana girgizar ƙasa ta mutanen Japan da Turkiyya ce. Sai ga shi ranakun 11 da 12 ga Satumba 2016, jajibirin Babbar Sallah da ranar Sallar, ƙasa ta yi ta motsi a Kwoi da ƙauyukan kewaye, a ƙaramar hukumar Jaba ta jihar Kaduna, bangaye suka tsage, mutane suka ƙaurace wa ɗakunansu. Daga 5 zuwa 7 ga Satumba 2018 abin ya sauka a Mpape da ke gefen Abuja, har hukumar babban birnin ta dakatar da fasa dutse da haƙa burtsatse a yankin. A Satumban 2024 Mpape ta sake motsawa, tashar hukumar binciken duwatsu ta ƙasa, NGSA, da ke Katampe ta rubuta motsi fiye da 40 cikin 'yan kwanaki.

A teburin mai shayi an warware matsalar tun kafin shayi ya huce. Wani ya ce bijimin da ke ɗauke da duniya ne ya sauya ƙaho, wani ya ce nakiyar masu fasa dutse ce, wani ya zaro waya ya nuna benaye suna rugujewa a wata ƙasa ya ce Abuja ce. A daidai wannan lokaci akwai wasu mutane a Toro ta jihar Bauchi, a cibiyar nazarin motsin ƙasa da ke ƙarƙashin hukumar sararin samaniya, NASRDA, da wasu a ofisoshin NGSA, sun zura wa wani siririn layi mai karkarwa ido, ba su ce komai ba tukuna. Aikinsu nake so mu bi daki-daki.

Yana farawa ne da neman wuri mai shiru, shirun ƙasa ake nufi. Tirela a kan kwalta, injin niƙa, janareta, garken shanu, har doguwar bishiya da iska ke kaɗawa tana jijjiga saiwoyinta, duk sukan rubuta kansu a na'ura. Don haka mai kafa tasha yakan nisanci titi, ya nemi inda falalen dutse ya fito fili ko yake kusa, ya ajiye na'urar gwaji ta kwana biyu ko uku, ya duba hayaniyar wurin da rana da kuma tsakar dare. Idan wurin ya ci jarrabawa sai a haƙa rami har a taɓa dutse mai rai, a share shi tas, a zuba ɗan dandamalin siminti a kansa, ba rodi a ciki. Ba a barin dandamalin ya taɓa bangon ramin, don kada motsin bango ya shiga jikinsa.

Ita na'urar girmanta bai wuce na tukunyar miya ba. Matsalar da aka ƙera ta ta warware tana da ban dariya in ka yi tunani: yaya za ka auna motsin ƙasa alhali da kai da ma'aunin duk a kanta kuke, tare za ku motsa? Amsar tana bakin rijiya. Riƙe igiyar guga cike da ruwa, ka fizgi hannunka gefe da sauri. Hannu ya tafi, gugan ya ɗan tsaya a inda yake, domin abu mai nauyi ba ya son a tashe shi. A cikin na'urar akwai ɗan ƙarfe mai nauyi rataye a sifirin. Ƙasa ta motsa, jikin na'ura ya bi ta, ƙarfen ya yi nawa, bambancin da ke tsakaninsu shi ake aunawa. A na zamani ma ba a barin ƙarfen ya yi lilo. Wutar lantarki ce ke riƙe shi cak, sai a auna yawan wutar da riƙon ya ci. Irin wannan ma'auni uku ne a tukunya guda: na sama da ƙasa, na kudu da arewa, na gabas da yamma. Suna jin motsin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na kaurin gashin kai ba.

Ajiye ta a dandamalin shi ne inda ake gane mai hannu. Ƙafafunta uku ne masu murɗawa, a samanta kuma akwai ƙwayar iska cikin ruwa, irin ta abin da magina ke daidaita bulo da shi. Mutum zai durƙusa a rami yana murɗa ƙafa ɗaya kwata, ya jira, ya murɗa ta biyu, har ƙwayar ta zauna a tsakiyar da'irarta. Sai ya fuskantar da alamar jikinta arewa sak. Ba ya sakankancewa da kamfas a nan, domin wasu duwatsun suna da ƙarfe a jikinsu, sukan ja allurar ta yi ƙarya. Yakan tabbatar da rana ko da tauraron ɗan'adam. Daga nan ya lulluɓe ta da soso, saboda bambancin zafin rana da sanyin asuba kaɗai ya isa ya sa ƙarfe ya miƙe ya ƙanƙance, layi ya karkace. Ya rufe ramin, ya kafa faifan sola da batir, ya ɗaga 'yar eriyar da ke karɓo lokaci daga tauraron ɗan'adam. Agogon nan shi ne ran tashar. Ana ɗaukar awo kamar sau 100 a sakan guda, kuma kuskuren sakan ɗaya yana iya kawar da amsa da kilomita 6 ko fiye.

Sai jira. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, to waɗannan sauraron dutsen suke yi, wata da watanni, wani lokaci shekara, ba abin da ya motsa kusa. Amma layin ba ya taɓa kwanciya ɗoɗar. Igiyar ruwan Tekun Atlantika da ke dukan gaɓa tana aiko da wani gurnani da na'ura ke ji a can cikin tudu. Akwai ma wani bugu da ke fitowa daga mashigin tekun Gini, kudu da gaɓar Najeriya, kowane sakan 26, wanda wani masani Ba'amurke, Jack Oliver, ya fara ba da labarinsa a farkon shekarun 1960, ana kuma jin sa a tashoshin nahiyoyi masu nisa. Girgizar Turkiyya ta 6 ga Fabrairu 2023 ba ta yi minti 10 ba motsinta ya ratso ƙarƙashin gidajenmu muna barci, mu ba mu ji ba, na'ura ta ji. Wanda ya daɗe da tasha yakan san halinta kamar yadda makiyayi ke bambance kukan shanunsa a duhu: wannan iska ce, wannan motar yashi ce, wannan daga wata nahiya ya zo.

Ranar da abu ya faru kusa, layin yakan zabura sau biyu. Idan dutse ya goce a jikin tsaga yana sakin motsi iri biyu a lokaci guda. Na farko turi ne, yana matse dutse yana saki kamar tafiyar sauti, yana cin kusan kilomita 6 a sakan. Masana suna kiran sa P, ni ina ce masa ɗan aike. Na biyu kaɗawa ce, kamar ka kaɗa bakin igiya, yana cin kusan kilomita 3 da rabi a sakan. Shi ne S, mai gayya mai aiki, wanda ke sa kwanon rufi kuka. Tare suke tashi, amma da yake ɗaya ya fi sauri, tazarar da ke tsakaninsu tana ƙaruwa da nisan tafiya. Kowane ɗan ƙauye ya san wannan. Ka hangi mace tana daka a hayin rafi, ka ga taɓarya ta sauka, sai an ɗan jima ka ji dum. In tana kusa, gani da ji tare suke zuwa.

Mai karatun layi yana buɗe shi a kwamfuta, ya faɗaɗa shi har sakan biyu su cika allo, ya tace hayaniyar da ba ta shafe shi ba, ya sa alama daidai inda layin ya farka. Isowar P ke nan, an fi ganin ta a ma'aunin sama da ƙasa. Sai ya koma ma'aunan kwance biyu ya nemi S, wanda ya fi wuya, don yana shigowa ne P bai gama wucewa ba, kamar a ce ka faɗi lokacin da kalangu na biyu ya shigo alhali na farko yana kan kiɗa. Kwamfuta tana iya sa alamar da kanta, amma a ƙananan girgiza irin namu takan yi tuntuɓe, sai ido ya gyara mata. Daga nan lissafin na ɗan firamare ne: sakan nawa ne tsakanin P da S, a ninka sau 8, an sami nisan a kilomita, kusan-kusan.

Ga misalin koyo, mai taswira zai iya gwadawa a gida. A ce tasha a Kaduna ta ga tazarar sakan 17, kilomita 136 ke nan. Ta faɗi nisa, ba ta tabbatar da wajen ba, saboda haka sai ka ɗauki kamfas ɗin lissafi ka zana da'ira mai wannan nisa kewaye da Kaduna. A ce Toro ma ta ga sakan 17. Da'irarta za ta gitta ta Kaduna a wuri biyu. Abuja ta ga sakan 9, kilomita 72. Da'ira ta uku ta raba gardama, ta zaɓi ɗaya cikin biyun. Duba ƙarƙashin bakin fensirinka, za ka ga kana wajejen Kwoi. A aikin gaske da'irorin ba sa haɗuwa cif, sukan bar ɗan fili a tsakani, mai gaskiya kuma yakan rubuta girman filin nan tare da amsarsa. Zurfi ya fi komai wuya, don sai da tasha kusan a saman abin ake samun sa da kyau. Shi ya sa da an ji labari ake ɗaukar na'urorin tafi-da-gidanka a nufi wurin, a binne su a kewaye, ko za a dace da motsin da zai biyo baya.

A can kuma akwai aikin ƙafa. Ana bi gida-gida ana tambaya: ya tashe ki daga barci? Jeren kwanuka ya zube ko ƙara kawai ya yi? Bangon da ya tsage na ƙasa ne ko na bulo? Mai lura yakan leƙa cikin tsagar bangon. Sabuwar tsaga bakinta kaifi ne, cikinta tsaf. Wadda ke da yanar gizo da ƙura ta riga girgizar zuwa, ko mai gida ya rantse.

To nakiya fa? Mutumin teburin mai shayi bai yi wauta ba da ya kawo ta, don Mpape wurin fasa dutse ne. Amma layin yana rarrabewa. Nakiya tana tura dutse waje ta kowace fuska, saboda haka motsin farko sama yake yi a duk tashoshin. Gocewar tsaga kuwa tana tura wani ɓangare tana janyo wani, sai wasu tashoshi su ga sama wasu su ga ƙasa, kuma daga yadda suka rabu ake gane inda tsagar ta dosa. Nakiya a saman ƙasa take, P ɗinta ƙato ne, S ɗinta ba ƙarfi, kuma ta san lokacin aiki. Ba a cika fasa dutse ƙarfe 3 na dare ba. Da wannan dabarar ce ake kama ƙasashen da ke gwajin makamin nukiliya a ɓoye, ɗaya daga cikin manyan tashoshin wannan sa ido kuma tana Torodi, a Jamhuriyar Nijar.

Girma kuwa ana samun sa ne daga tsayin zaburar layi, bayan an gyara da nisa, a bisa hanyar da Charles Richter ya buɗe a 1935. Matakansa suna ruɗin mutane. Daga 3 zuwa 4 zaburar layi ta ninka sau 10, ƙarfin da aka saki kuma kusan sau 32. Na Kwoi da Mpape wajen 3 suke. Ta Turkiyya 7.8 ce, wato ta fi su ƙarfi sau miliyan 15 da ɗoriya. Kada dai wannan ya sa mu miƙe ƙafa: Accra ta sha wadda ta haura 6 ranar 22 ga Yuni 1939, arewacin Gini ma ta sha irinta ranar 22 ga Disamba 1983, ɗaruruwan mutane suka rasu.

Yanzu mun iso inda sana'ar ta fi ba ni sha'awa. Girgiza ta al'ada kamar hawan sarki take: babba ya wuce, 'yan rakiya suna biye, suna raguwa har su ƙare. Akwai kuma mai zuwa kamar cin kasuwar Dandume, ba wanda za ka nuna ka ce shi ne shugaba. A fara ɗaiɗai, a cika maƙil, a watse, wani mako a dawo. Wannan ita ce cincirindon girgiza, irin abin da Katampe ta rubuta a 2024. A Matsushiro ta Japan, daga 1965 zuwa 1967, na'urori sun ƙirga fiye da 700,000. A kan iyakar Jamus da Cek ma akan yi ta a kai a kai, a yankin da iskar gas da ruwan ma'adinai ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa. Sau da yawa ruwa ko gas ne ke da hannu: idan ya shiga tsaga cikin matsi yakan ɗan buɗa leɓɓanta, cizon da suka yi wa juna ya sassauta, su riƙa sulɓewa kaɗan-kaɗan. Mai bincike yakan ɗiga kowane motsi a taswira, da launi gwargwadon ranarsa. In ɗigon suka jeru sun nuna masa kwanciyar tsagar; in suna rarrafawa waje kullum, alamar ruwa ne ke tafiya. Mai karatu ya lura duka ukun namu a Satumba suka faɗo, ƙarshen damina, ƙasa ta ƙoshi da ruwa. Abin yana jan hankali, amma uku ba su isa hujja ba, kuma wanda ya iya aikin ba ya yanke hukunci da su.

Tsaga daban, ɓarakar nahiya daban. Ɓaraka tana faruwa ne idan nahiya ta tasam ma rabewa biyu: ƙasa ta miƙe ta yi siriri, tsakiya ta lotsa tsakanin manyan tsagogi, dogon kwari ya samu, kamar wanda ake gani da ido a Habasha da Kenya. Wata ɓarakar takan fasa tafiya a hanya. Koguna su yi ta zuba mata yashi da laka shekara miliyoyi har ta cike ta shafe, manomi ya yi kunya a kanta bai sani ba. Amma tsohuwar riga a ɗinki take fara yagewa. A tsakiyar Amurka, nesa da duk inda ake tsammani, manyan girgiza uku sun auka wa yankin New Madrid ranakun 16 ga Disamba 1811, 23 ga Janairu da 7 ga Fabrairu 1812. Sai a shekarun 1970, da aka kafa tashoshi aka tara ɗigo, aka ga sun jeru a kan wata ɓaraka da ta haura shekara miliyan 500, binne ƙarƙashin lakar kogin Misisifi.

Yaya ake ganin abin da ke binne haka? Da maganaɗisu da kuma nauyi. Tsohon dutse yana da ƙarfe-ƙarfe a jikinsa, yashi da laka ba su da shi sosai. Jirgin sama yakan ɗauki ma'aunin maganaɗisu ya yi ta kai da kawowa kamar mai huɗa da shanu. Daga 2003 zuwa wajen 2010 an yi wa Najeriya irin wannan awo, jirgi yana tafiya mita 80 kacal daga ƙasa, tsakanin layi da layi mita 500. Inda dutsen ke kusa taswirar takan fito da kaushi, inda ya nutse takan yi laushi, kamar bambancin tsakuwa a ƙarƙashin tabarma da tsakuwa a ƙarƙashin katifa. Tsaga kuma takan fito kamar an ja wuƙa, zanen hagu ya goce wa na dama. Mai awon nauyi shi a ƙasa yake tafiya, yana ajiye ma'auninsa wuri-wuri, yana rubuta tsayin kowane wuri, yana komawa inda ya fara kafin rana ta faɗi don ya ga nawa ma'aunin ya zame ya cire.

Tamu babbar ɓarakar ita ce kwarin Binuwai, mai tsawon kusan kilomita 1,000, wanda ya buɗe sama da shekara miliyan 100 da suka wuce, lokacin da Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka. A sama ya rabu reshe biyu, na Gongola da na Yola. A na Gongola ne aka sami man Kolmani. 'Yar'uwarsa tana kwance ƙarƙashin rairayin gabashin Nijar, ita ce ta Termit, inda ake haƙo man Agadem da ake tacewa kusa da Damagaram tun 2011. Mataki na ƙarshe shi ne a ɗora taswirar ɗigo a kan taswirar maganaɗisu a ga ko sun hau layi guda. Kwoi da Mpape a kan tsohon dutse suke, arewa da kwarin Binuwai, ba a cikinsa ba. Wasu masana suna ganin tsagogin da suka miƙe daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas ne ke kawo matsin, har suna haɗa su da manyan tsagogin ƙarƙashin Atlantika irin su Romanche da Chain. Wasu sun fi karkata ga ruwa da aikin ɗan'adam. Abin da zai raba su ɗigo ne masu yawa, ɗigo kuwa sai da tashoshi, ga shi namu 'yan ƙalilan ne a ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 923,768.

Sabuwa a kan tsohon dutse take, maƙwabtanmu tsagogi ne irin na Kalangai. Rashin tsaron da ya hana manomi zuwa gonarsa ta daji ya hana mai guduma da taswira shiga dazukan da waɗannan duwatsu suka fito fili, faifan sola kuma ba ya kwana shi kaɗai a dawa. Kafin hanya ta buɗe, akwai aikin da ya rage namu. Idan wata rana, Allah ya kiyaye, ka ji ƙasa ta yi gurnani a ƙarƙashinka, fara tsira da kanka da iyalinka, ku nisanci katanga. Da hankali ya kwanta ka dubi agogon wayarka, ka rubuta ranar da mintin, da abin da ya motsa a ɗakin, da ko ka ji bugu ɗaya ne ko biyu, ka kai wa jami'in ba da agajin gaggawa na ƙaramar hukuma ya miƙa gaba. Masu zana da'ira suna buƙatar wannan takarda.